Shekarar da Na Hana a Sare Kukar Iya

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Inna ta je Amurka wankan jego, ta dawo da ra'ayin Turawa, ta fifita itace a kan ɗan da ta haifa. Wasunku tun suna goye suke jin wannan magana, har ta zauna musu daram. To, tunda Allah ya ara mini kwana, kuma zaman da na yi a ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba, bari in rubuta yadda aka yi da hannuna. Wanda ya karanta ya ga har yanzu ni ce mai laifi, babu komai, amma dai ya zama ya san abin da yake zargina a kai.

Kukar da ke ƙofar gidanmu ba ni na shuka ta ba, ba kuma kakanku ba. Ranar da aka kawo ni garin nan na same ta yadda kuke ganinta yau, da turakun da aka kakkafa a jikinta don hawa, da tabon inda ake ɗaye ɓawo a tufka igiya. Ta surukata ce, wadda kowa ke kira Iya. Ku da kuka tashi a birni ba lallai ku sani ba, amma a nan ƙasarmu ta Tsanyawa babu itacen da ba shi da mai shi. Gona ta wane ce, ɗorawar da ke tsakiyarta ta wance ce, kuma kowa ya san iyakarsa. Da ciwon ajali ya kama Iya, ta sa aka kira 'ya'yanta maza, ta yi magana a gabansu.

"Filin ƙofar gida na maza ne, ku raba yadda shari'a ta ce. Kukar kuwa ta Hauwa ce. Ita ta san lokacin saran ganye, ita ta san inda ake shanya shi bai yi ja ba."

Haka na gaji kuka. Duk ƙarshen damina samari su hau su saro mini rassa, mu tsige, mu shanya a inuwa, mu daka, mu tankaɗe. Garin kukar da na kai kasuwar Tsanyawa ba ya kwana. Wanda ya rage shi muke kaɗawa har wata shekara, kuma babu ɗayanku da bai girma da miyarta ba.

Yanzu sai maganar ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, domin ban taɓa faɗarsa da bakina ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Babba nake ce masa idan ta kama dole. Mu a zamaninmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama su yi hira. Ana yaye shi Iya ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, filin ƙofar gida ya faɗo a rabonsa. Sai ya zama ƙasa tasa, kuka tawa.

Babba mutum ne mai gani ya yi shiru. Yana fataucin hatsi tsakanin kasuwannin nan namu, Allah kuma ya rufa masa asiri. Kullum da safe zai zo ƙofar ɗakina ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wajen, ya tashi ya tafi. A nan ne ya riƙa ganin kwanukan da nake jerawa a tsakar ɗaki duk damina don tarar yoyo, domin ɗakin na ƙasa ne, ya tsufa tare da ni. Bai taɓa cewa komai ba. Rannan sai ga ƙanin mahaifinsa, Baffa Ilu, ya sa an kira ni zaure. Na tarar da Babba tsugune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana zane da tsinke.

"Hauwa, yaron nan ne ya aiko ni," in ji Baffa Ilu. "Yana so ya yi miki gini na bulo, ciki da falo, a filinsa. Kin san babu wani fili a garin nan, dawa har katangar gida take leƙowa. To, magini ya duba ya ce sai an kawar da kukar, saiwarta za ta fasa harsashi. Ƙasa tasa ce, kuka taki ce. Me kika ce?"

Me zan ce? Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ita ce za ta zauna ciniki da shi a gaban baffansa? Kuma gaskiya ita ce na ji daɗi, daɗin da ban san inda zan sa shi ba. Ni da shi ba mu da wata hanyar magana, ginin nan shi ne maganarsa. Na ja mayafi na ce, "Allah ya yi masa albarka." A wurinmu wannan amincewa ce. Baffa Ilu ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

A shekarar ce autata Rakiya ta haihu a Amurka, inda mijinta Malam Nura yake koyarwa, suka aiko in je in yi mata wankan jego. Babba ya tsara cewa ba za a taɓa kukar ba sai an kawar da amfanin gona, kuma sai ba na gari, don kada in ji ƙarar faɗuwarta. Ko wannan ma tausayi ne irin nasa. Na ɗaure garin kuka mai yawa na sa a jaka. A filin jirginsu wani ma'aikaci ya kwance ƙullin, ya kai hanci, ya yi atishawa har hularsa ta goce, ya miƙo mini abina bai ƙara tambaya ba.

Bayan an yi arba'in, Malam Nura ya ce wa Rakiya ranar Asabar za su kai ni yawo daji. Na ce ta tambaye shi me aka ɓatar. Mu dai ba ma shiga daji sai da dalili, ko itace, ko ciyawa, ko akuya ta ƙi dawowa. A ce mutum da ƙoshinsa ya sa takalmi ya tafi daji don ya yi tafiya kawai ya dawo, wannan sai wanda aiki ya yi wa kaɗan. Malam Nura ya sunkuyar da kai yana murmushi, domin yaron akwai kunya.

"Tafiya ce mai sauƙi, Inna. Hanyar a shafe take, har keken jariri ana turawa. Itatuwa ne nake so ki gani."

"Itatuwa," na ce da Rakiya. "Ni za a nuna wa itace."

Suka saya mini takalmin kambas, na sa shi a ƙarƙashin atamfa, na ɗora rigar sanyin Rakiya, na zama abin dariya ga takwarata Ummi, babbar 'yarsu, wadda lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba. Muna shirin fita Rakiya ta gama waya da Asabe matar Babba. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Inna, an ce masu injin sare kukar sun iso. Gobe da safe za su fara."

Na ce to. Na gyara ɗaurin takalmina, muka shiga mota.

Hanyar dutse ce, tana ta nannaɗewa, na rufe ido ina salati har muka tsaya. Da na fito na ga wani jan abu a gabana, na ɗauka gini ne, irin jar ƙasar da muke yaɓe da ita. Sai na ga ginin ba shi da ƙofa, kuma bai ƙare ba. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa, har mayafina ya zame ya faɗi baya, ban ga ƙarshensa ba. Reshensa na farko yana can inda shaho ke shawagi, kuma reshen nan kaɗai ya kai kaurin tsamiyar bakin kasuwa. Na juya, ga wani. Bayansa ga wani, ga wasu uku sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Malam Nura ya ce sunansu sikoya. Na ga rimi, na ga kuka, na ga gawo, ina kuma taƙamar na san itace, amma ranar na san ban ga komai ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne abin da Iya ta koya mini in faɗa idan zan shiga ƙarƙashin babban itace.

"Salamu alaikum."

Ummi ta ja hannuna. Hausarta a karye take, amma tana ƙoƙari.

"Kaka, wa kike gaisarwa?"

"Masu gida. Babban itace ba ya rasa masu gida. In za ki wuce sai ki yi sallama, ki yi bisimilla, ba ruwanki da su, ba ruwansu da ke."

Shi ke nan na ja wa kaina. Yarinyar nan ba ta bar itace ko ɗaya ba. Ta ruga gaba ta tsaya ta rattaba masa sallama, ta saurara kaɗan, ta wuce na gaba. Wani tsohon Bature da ke zaune a benci ya ɗauka da shi take, ya cire hularsa ya amsa da nasa yaren.

Hanyar kuwa yadda Malam Nura ya faɗa take. A shafe, ba hawa ba gangara sai kaɗan, da benci nan da can don masu gwiwa irin tawa. Na ga tsohuwa ana tura ta a keken marasa lafiya, na ga uba da ɗa a wuya, na ga mai ciki tana tafe a hankali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kowa ya rage murya, har yara, ba tare da an ce su yi shiru ba. Iskar wurin sanyi gare ta da ƙamshi, rana tana saukowa tsakanin itatuwan a tsaye a tsaye, jikinsu ya yi ja kamar an shafa musu man ja. Wani wuta ta taɓa cin gindinsa ta yi masa kogo, baƙi ƙirin, wanda mu duka da keken jaririn muka shiga muka tsaya, amma can sama ganyensa kore shar. A inda aka yarda a taɓa, na kai hannu. Na zaci tauri zan ji, sai na ji ɓawon da laushi kamar soso, yatsa yana nutsewa. Ummi ta tsinto mini ɗan itacen a ƙasa. Duk girman nan, ɗan bai fi ƙwan kaza ba, irin da ke ciki kuma kamar ƙwayar barkono. Na juya shi a tafin hannuna na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Da mamaki ya ɗan sake ni, sai halin gida ya motsa. Na fara zagaya ido a jikinsu ina neman turaku, ban ga ko ɗaya ba. Babu tabon wuƙa, babu inda aka sari reshe. Tunda ba na doguwar magana da suruki kai tsaye, ta bakin Rakiya nake tambaya.

"Tambayi Malam, wannan na wane ne?"

"Ba na kowa ba ne, Inna. Hukuma ce ke tsaronsu don kowa ya zo ya gani."

"Ganyen ana miya da shi?"

"Ba a yi."

"'Ya'yan fa? Ko ɓawon, ana igiya? Ko magani?"

"Ba a cin komai a jikinsa, Inna. Ko ɗan nan da ke hannunki sai mun ajiye shi kafin mu fita."

Na yi dariya har na dafa Rakiya. Ƙatti kamar waɗannan, ba aikin fari ba na baƙi, an kewaye su da shingen katako ana gadinsu kamar 'ya'yan sarauta. Na ce a tambaye shi shingen na mene ne, ko ana tsoron a sace su ne. Ya ce saiwarsu ba ta nutsawa ƙasa sosai, a sama-sama take bazuwa ta yi nisa, idan ƙafafu suka yi ta tattaka wurin itacen yana jin jiki. Na ce a raina, ashe halinsu ɗaya da kuka. Sannan ya ƙara da cewa wasu daga cikinsu suna nan tsaye tun kafin a haifi Annabi Isa, alaihis salam. Wannan ita ce ta zaunar da ni. Na nemi benci na zauna, na ciro carbi. Ina kallon abin da yake shan ruwa yana fitar da ganye tun kafin a saukar da Alƙur'ani, yana nan bai gaji ba, ni kuwa da 'yan shekaruna ina ƙorafin gwiwa. Ban taɓa jin ƙanƙantata da daɗi irin na ranar ba.

Da muka ci gaba, hanya ta fito da mu wani sarari inda rana ta sauka fayau. A tsakiya ga wani dandamali mai faɗi, har da matakala. Na hau ina cewa wannan wuri ya yi kyau da shanya, za a baza buhunan barkono a kai a sami sauran fili. Sai da na duba ƙarƙashin ƙafata na ga zobe-zobe, na gane a kan kututture nake tsaye. Malam Nura ya ce mutanen da ne suka sare shi, tun kafin a hana. Sun yi kwana da kwanaki suna fama da shi. Da ya faɗi, saboda nauyinsa da gautsin katakon, sai ya farfashe, mafi yawa a nan aka bar shi, abin da aka tsira da shi aka yi turakun shinge da 'yan ƙananan abubuwa.

Ni na san wannan labari, a gida na gan shi. Lokacin da aka fitar da titin da ya bi ta gabas da garinmu an kayar da wata kuka. Mutane suka fito da gatura suna murna, suka koma hannu wofi. Cikin kuka ba katako ba ne, danshi ne da zare. Ba ya kama wuta, ba ya azara, ko turmi ba a sassaƙawa da shi. Damina biyu ta narke ta bar rami. Kuka duk abin da za ta ba ka a tsaye take bayarwa.

Ummi ta kwanta rub da ciki tana bin zoben da yatsa. Can ta ɗago.

"Kaka, wannan ma a yi masa sallama?"

"A'a. Wannan babu kowa a gidan."

Ta dubi katakon. Sannan ta ce, "Mama ta ce miyar da muke sha daga itacenki ne. Shi ma babba ne?"

"Babba ne, amma bai kai waɗannan ba."

"Idan na zo zan yi masa sallama."

Rakiya ta juya tana gyara wa jariri hular da ba ta goce ba. Mutanen nan sun kewaye itacen da ko ludayin miya ba ya ba su, sun shafe hanya don tsofaffi da jarirai su zo su dube shi kawai. Tawa ta ciyar da Iya, ta ciyar da ni, ta ciyar da 'ya'yana, ta bi jikata har bayan teku, kuma gobe kafin azahar za ta zama abin da nake tsaye a kai, da yardar bakina. Idan ta faɗi, babu jikan jikana da zai ga irinta a wurin. Na ji tsoro, na kuma ji ina son kukar nan kamar yadda ake son mutum.

"Rakiya, ba ni waya."

"Inna, babu sabis a nan sai mun sauka."

Ni da ake jira a kowane benci, ni ce na shige gaba. Malam Nura yana turo keken jariri da sauri, Ummi tana gudu tana jefa wa itatuwa sallama a gurguje. Muka gangara da mota har inda waya ta kama, ya tsaya a gefen titi. Rakiya ta ce bari ta gaya wa Yaya da kanta, tunda kullum ta bakinta saƙona yake bi. Na ce ta buga ta miƙo mini. Tun da aka haife shi ban taɓa neman sa da magana ni da kaina ba sai ranar.

"Salamu alaikum. Rakiya?"

"Ni ce."

Na ji motsi. Daga baya Asabe ta gaya mini saukowa ya yi daga kujera ya durƙusa, da waya a kunne.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Kukar nan, kada a taɓa ta."

"Inna, an sauke bulo. An ja igiya. Mutanen suna zaure da injinsu."

"A ba su abinci, a ba su haƙuri, su koma."

Sai ya ce, "Akwai abin da na yi ne?"

A nan kunya ta ɗaure mini harshe. Bakina cike da magana, amma ban saba ba, ga suruki a gaban mota yana jina. Abin da ya fito kawai shi ne, "Babu. Na dai fasa."

"To, Inna. Allah ya huci zuciyarki."

Ya ɗauka kyautarsa na mayar masa. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ya fi abin da na zata tsada. Da na dawo gida Baffa Ilu ya zo har ƙofar ɗaki ya ce shi bai taɓa ganin an shafa fatiha an kwance ta ta waya ba. Mata a gidan suna suka sami abin taunawa. Duk wannan bai dame ni ba, bakin mutane na saba da shi. Abin da ya dame ni Babba ne. Bai fasa gaisuwa ba ko rana ɗaya, zai zo ya durƙusa ya tashi. Amma tuwon da nake aika masa duk yamma tun yana saurayi sai ya fara dawowa a rufe yadda ya tafi, a ce ya ƙoshi. Bulon nan ya zauna a jibge a gindin kuka, awaki suna hawa, ciyawa ta fito a tsakaninsa. Bai kwashe ba, bai sayar ba, kullum sai na wuce ta gabansa. A damina ta biyu bangon gabas na ɗakina ya zube da rana tsaka, Allah ya sa ina maƙwabta. Na koma ɗakin yaran Asabe da 'yan komatsaina. Masu zuwa jaje kowa sai ya ɗaga kai ya dubi kukar kafin ya shigo, don in gani. Ban yi nadamar hana sarewa ba, ko sau ɗaya. Amma na yi hawaye saboda ɗana, ba sau ɗaya ba.

Wata safiya ya zo gaisuwa, ina tsakar gida ina tsigar ganye, Asabe tana wanke-wanke. Ya gaishe ni ya koma zaure, na ji bai fita ba, yana ɗaure buhu. Na ce a raina yau ko kunya za ta kashe ni sai na yi magana. Na dubi Asabe na ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Asabe, ban taɓa ba ki labarin itatuwan Amurka ba."

Na ba ta duka. Jan jikinsu, da shingen da aka yi don saiwa, da kututturen da na ɗauka wurin shanya ne, da tambayar Ummi. Motsin buhu ya tsaya a zaure. Sannan na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

"Kin ga saiwar nan da ta fito ta yamma, mai kama da benci? Ita mijinki ya dafa ya fara miƙewa. Iya tana zaune tana kaɗin auduga, shi yana bin saiwar yana faɗuwa yana tashi. Ni ina zaure ina leƙe ta tsagar ƙofa, ba ni da ikon in fita in ɗauke shi. Duk abin da na gani na ƙuruciyarsa, a gindin kukar nan na gan shi, daga nesa. Ginin da ya so yi mini, babu abin da aka taɓa ba ni da ya kai shi. Amma ba zan iya kwana a kan wurin nan ba."

Asabe ta sunkuyar da kai tana ta cuɗa kwano ɗaya. Can na ji an tayar da babur an tafi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, aka ce ana sallama da ni a waje. Na fito na tarar da Babba da magini, da igiya da turaku a hannunsu. Ya durƙusa. Wannan karon bai aiko Baffa Ilu ba.

"Inna, saiwar tata a ina ta tsaya?"

Na koma na ɗauko sandata. Muka zagaya filin ni da shi, ina gaba yana biye, ina nuna inda ƙasa ta ɗan tasa, yana kafa turke. Saiwar ta ci kusan duk rabonsa. Abin da ya rage wata 'yar kusurwa ce a jikin katangar maƙwabta, magini yana ta gunaguni wai ba a taɓa sa shi ginin da ya karkace da gangan ba. Shi ne ɗakin nan da nake zaune a ciki nake wannan rubutu, guda ɗaya ba falo, mai kusurwar da kuke yi wa dariya. Sauran filin ya bar wa kuka. Ita kuma, ku shaida, bayan raina ta Ummi ce, ta riga ta zo ta yi mata sallama.

Ranar da muka kafa turakun nan, da yamma na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar sabon ganye, na ba Asabe ta kai masa. Na zauna ina jiran kwano ya dawo a rufe yadda ya saba. Sai ga ta da shi a buɗe, tuwon saura rabi, tana ƙunshe dariya.

"Inna, wai a ƙara miya."